Majalisar jiha: 'yar amshin shata ce ko tana da haƙora?

Garba Fagge: Jama'a, ni dai har yanzu ina kan bakana, majalisar dokoki ta jiha 'yar amshin shatan gwamna ce kawai. Ku dubi Kano. A watan Mayun 2019 majalisa ta yi dokar da ta raba masarauta gida biyar, aka fito da Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye, Ganduje ya sa hannu. Ranar 23 ga Mayun 2024, a zauren nan dai, aka soke dokar, Abba ya sa hannu tun kafin rana ta faɗi. To ina ra'ayin majalisar yake?

Malama Hadiza: Malam Garba, ka manta an yi zaɓe a tsakani. Waɗanda suka yi dokar 'yan APC ne ke da rinjaye a cikinsu. A 2023 NNPP ta ci kujeru 26 cikin 40, APC ta tsira da 14. Mutane ne suka canza, ba zaure ba.

Garba Fagge: Ai kin ƙara min hujja, Malama. Duk jam'iyyar da ta ci gwamna ita ke kwashe majalisa.

Baba Akawu: Ɗana Garba, da ka ga Kaduna a 1979 da ba ka yi wannan kuɗin goro ba. Lokacin Katsina tana cikin jihar, kujerun majalisa 99 ne, NPN ta kwashe sama da 60. Amma da aka zo zaɓen gwamna sai talakawa suka kayar da Lawal Kaita na NPN, suka ba Balarabe Musa na PRP. Ni ina ƙaramin akawu a wata ma'aikata a lokacin. Gwamna ya aika sunayen kwamishinoni, majalisa ƙarƙashin Mamman Ɗanmusa ta yi fatali da su, ya sake aikawa, ta sake mayarwa. Kusan shekara biyu muna aiki ofishin kwamishina a kulle, masinja yana share ƙurar teburin duk Litinin, fayil kuwa sai dai ya tsaya wurin babban sakatare. Ranar 23 ga Yunin 1981 suka tsige shi, mataimakinsa Abba Musa Rimi ya hau. Shi ne gwamna na farko da aka taɓa tsigewa a Najeriya. Wannan ce 'yar amshin shatar?

Garba Fagge: Allah ya ƙara lafiya, Baba. Amma da girmanka, ai su ma shata suke amsawa, sai dai mawaƙin ba ya gidan gwamnati, yana uwar jam'iyya.

Baba Akawu: Wannan kuma ban musa maka ba. Ni kaina PRP na zaɓa, kuma ranar da aka yi sanarwar ban ci tuwo ba.

Sani Lauya: Akwai abin da Baba ya taɓo a wuce. A 1979 ba rana ɗaya aka yi zaɓukan ba, an zaɓi 'yan majalisar jiha, bayan mako guda aka zaɓi gwamnoni, don haka mutum yana da damar sake shawara. Yanzu rana ɗaya ake yi, kamar 18 ga Maris 2023, a miƙa maka ƙuri'u biyu, 'yan siyasa suna ta ihun "sak". Ga shi kuma sau da yawa gwamna ko jagoran jam'iyya ne ke zaɓen wanda zai tsaya takara. Iko dai tsarin mulkin 1999 ya ba su: su ke amincewa da kasafin kuɗi, su tantance kwamishinoni, sashe na 188 ya ba su damar tsige gwamna, kuma ba a gyara tsarin mulki sai majalisu 24 cikin 36 sun yarda.

Garba Fagge: Barista, faɗa musu abin da suka yi da wannan ikon a 2010.

Sani Lauya: Kai Garba ba ka da dama. Gaskiya ne, Majalisar Tarayya ta aiko musu da gyaran da zai ba su 'yancin cin gashin kai a harkar kuɗi, aka rasa majalisu 24 da za su amince. An miƙo musu nama, suka ce sun ƙoshi. Sai a 2018 Buhari ya sa hannu a kan irin wannan gyara.

Malama Hadiza: To amma Nyako fa? Majalisar Adamawa ta tsige shi a Yulin 2014.

Garba Fagge: Bayan ya bar PDP ya koma APC, ya kuma saka ƙafar wando ɗaya da Abuja. Na Filato ma a 2006 mutum shida ne cikin 24 suka ce sun tsige Dariye, Kotun Ƙoli ta mayar da shi a 2007.

Malama Hadiza: Ni laifinmu nake gani. Namu ɗan majalisar, tunda aka rantsar da shi ba wanda ya tambaye shi wane ƙudiri ya kai. Kuɗin suna da na asibiti da buhun shinkafar azumi ake bin sa.

Baba Akawu: Garba, tsakaninka da Allah, wa ke wakiltar Fagge a majalisar yanzu?

Garba Fagge: Baba, bari in tambayi mai unguwa, zan dawo.