Me ya haɗa kula da tsofaffi da hulɗar ƙasashe?

Ɗalibi_Maradi: Salamu alaikum 'yan uwa, malaminmu a jami'a ya ba ni wanga batu in yi bincike kai, ni dai ban ga haɗinsu ba wallahi, tsoho ai 'ya'yanshi ka riƙonshi.

Yaya Hajo: Ƙanena nan gida kenan. Duba Japan, tsofaffi sun yi yawa matasa sun ƙaranta, dole ta ƙulla yarjejeniya da Indonesiya, tun 2008 ana kai masu jinya Japan ɗin, daga baya Filifin da Biyetnam suka shigo, to ka ga ai diflomasiyya ce tsantsa.

Na_Zariya2: Ka nemi shirin Madrid na 2002 na Majalisar Ɗinkin Duniya kan tsofaffi. Kuma kar ka raina namu, tsofaffi nawa ke jiran aiken 'ya'yansu daga Libiya?

Ɗalibi_Maradi: Kai, na gode yaya, gobe sai laburare.