Abin da aka ce game da zama a Sawakin

Ranar Juma'a bayan la'asar, a majalisarmu ta Hausawan Port Sudan, wani ƙanenmu ya ce yana son komawa Sawakin, tsohon garin tashar jiragen ruwa a bakin Bahar Maliya a Sudan, da iyalinsa. Ga abin da na tsinta daga bakin manya.

Maganar ruwa ce ta fi cin lokaci, kuma ni ma a nan hankalina ya tsaya. Teku na gabanka amma ruwan sha saye ake yi a jarka ko a tanka, kuma tun da madatsar Arba'at ta fashe a 2024 lamarin ya ƙara tsanani a yankin. Wani dattijo ya ce masa: “Ɗana, kafin ka tambayi kuɗin haya, tambayi inda ruwan gidan yake fitowa.” Shawarar ita ce ya gina tanki ko ya sayi manyan duro tun kafin ya kwashe kaya.

Sai zafi. Daga Yuni zuwa Satumba gumi ba ya bushewa a jiki, shi ya sa masu hali ke haurawa Sinkat ko Arkawit, kan duwatsu. Ruwan sama a bakin tekun nan lokacin sanyi yake sauka, don haka mai zuwa yawon buɗe ido ya zo tsakanin Nuwamba da Fabrairu.

Iskar gishiri na cin ƙarfe, a riƙa wanke babur da mota.

Baƙo ya je ya ga kangayen gidajen dutsen murjani a tsibirin Sawakin, inda kakanninmu alhazai suka jira jirgin Jidda. Idan Beja, ƙabilar yankin, suka miƙo maka jabana, wato gahawarsu, ka zauna ka sha, ba a gaggawa da ita.