Inshorar gona: yaya ake lissafin kason asarar da manomi ke ɗauka?

Assalamu alaikum. Ina son yi wa gonar masara mai hekta 4 inshora kafin shuka, amma na maƙale. Ɓangare ɗaya na gonar yana cikin kwari, don haka ambaliya nake tsoro fiye da fari.

Wakilin da na fara samu inshorar mota ya iya, ya kasa nuna mini inda takardar ta ambaci ambaliya. Wani ya kawo tsarin da ake biya bisa ma'aunin ruwan sama na yanki. A nan ba mai zuwa duba gona, kuma idan ma'aunin bai kai ƙa'ida ba, ko masarar ta nutse ba diyya. Wannan ba zai amfane ni ba.

Tsarin da ake turo jami'i ya ƙiyasta ɓarna shi ya fi kwanta mini. Sai dai kuɗin iri, taki da ƙwadago kawai ya ƙunsa, ban da darajar amfanin. Akwai kuma kason farko na asara da ni zan ɗauka, kuma wakilin ya kasa fayyace lissafinsa.

Don Allah masana, idan ruwa ya cinye hekta 1 kaɗai, daga kuɗin dukan gonar ake cire wannan kaso, ko daga na ɓangaren da ya lalace?