Ɗalibaina suna soke x a inda ba ya sokuwa, ina mafita?

Mai bautar ƙasa:
Assalamu alaikum malamai. Ina bautar ƙasa a wata sakandaren jeka-ka-dawo, an ba ni lissafin SS2. Wannan zangon mun shiga aljabara mai sama da ƙasa, kuma abin da nake gani ya tsaya mini a rai. Na ba su (x + 6)/(x + 2), sai yawancinsu suka ja layi a kan x na sama da na ƙasa, suka rubuta 3. A wajen sukwaya rut, √(a + b) ya zama √a + √b. Shi kuwa (x + 3)², kullum x² + 9 yake fitowa. Na yi bayani da Turanci, na maimaita da Hausa, suna gyaɗa kai, washegari a koma gidan jiya. Yaran nan baɗi za su zauna WAEC da NECO, kuma ba dolaye ba ne. Akwai wanda yake tsaron shagon babansa, kafin in latsa kalkuleta ya fitar da canji da ka. Ta ina zan ɓullo musu?

Tsohon malamin lissafi:
Wa'alaikumus salam, ƙanena. Ajiye haruffan nan tukuna, ka koma kan lambobin da suka yarda da su. Ka ce kowa ya sa 2 a madadin x. Sama 8, ƙasa 4, amsa 2. To ina 3 ɗin? Kada ka yi magana, bar su su kalli allo. Haka za ka yi da √(9 + 16): tara da sha shida 25 ne, rut ɗinsa 5, amma 3 da 4 bakwai ne. Yaron da ya gano da hannunsa cewa 5 ba 7 ba ne, ba kasafai yake mantawa ba.

Sai dai ka hana su gwaji da sifili. In x ya zama 0, (x + 6)/(x + 2) zai ba da 3, (x + 3)² zai ba da 9, sai amsar banza ta yi kama da gaskiya, ka rasa bakin magana.

Bayan nan ka nuna musu cewa sokewa rabawa ce, saboda haka abin da aka ninka kaɗai ake sokewa, ba abin da aka tara ba. Ba su (x² − 9)/(x − 3). Sai sun fasa na sama ya koma (x − 3)(x + 3) sannan alli ya taɓa komai, kuma su rubuta a gefe cewa x ba zai zama 3 ba, don ba a rabawa da sifili.

Malama daga Zariya:
Na yarda da Baba Malam, amma da ƙari. Gwaji da lamba yana nuna wa yaro ya yi kuskure, ba ya nuna masa inda 6x na (x + 3)² ya maƙale. Ni zane nake yi: murabba'i mai tsawo x + 3 da faɗi x + 3, in tsaga shi gida huɗu. Babban gida x², ƙarami 9, ga kuma gidaje biyu dogaye, kowanne 3x. Sai in tambaya, wa ya cinye waɗannan biyun? Ba sabuwar dabara ba ce, da irin wannan zanen masanin lissafi al-Khwarizmi ya kafa hujjarsa a Bagadaza tun ƙarni na 9.

Yaronka na shago kuwa, ba shi 51 sau 49. In ya ga 50² − 1 ne, wato 2499, ya kama (a + b)(a − b) ke nan. Ranar da ka zo cire rut daga ƙasa, kamar 1/(√3 − 1), zai gane dalilin ninka sama da ƙasa da √3 + 1: ƙasa ta koma 3 − 1, amsa (√3 + 1)/2.

Mai bautar ƙasa:
Allah ya saka da alheri. Damuwata lokaci ne, Malama. Minti 40 ne darasi, ajin cike yake maƙil, manhaja kuma ba ta jira.

Tsohon malamin lissafi:
Minti biyar na farko ya ishe ka. Rubuta aiki guda mai kuskure a allo kafin su zauna, ka ce su kamo ɓarawon. Kuma gwajin nan zai yi maka rana a gaba. Duba √(x + 2) = x. In suka yi sukwaya ɗin ɓangarorin biyu za su sami x² − x − 2 = 0, wato x = 2 ko x = −1. Mayar da −1 cikin tambayar: hagu 1, dama −1, bai shiga ba. Wanda bai saba mayar da amsa ya gwada ba zai rubuta duka biyun, ya zubar da maki. Gobe fara da √(9 + 16), ka dawo ka faɗa mana abin da suka ce.