Me ya sa fim ɗin da ba a nuna aljani ya fi hana ni sakat?

Tela Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ni tela ne, idan ɗinki ya taru nakan kwana a shago, in jingina waya da gwangwanin zare ina kallo ina aiki. Finafinan sare-sare da jini na kalle su ba adadi, ko gezau. Ana fille wa mutum kai ina cin gurasata.

Shekaranjiya yaron shagona ya tura min wani. Wata mata ce ita kaɗai a tsohon gida, kusan minti arba'in ba abin da ya faru. Ta wanke kwanuka, ta hau bene, ta sauko. Sai dai akwai wata ƙofa da ta rufe da hannunta, duk sanda kyamara ta dawo kanta sai ka ga ta ɗan ƙara buɗewa. Wajen ƙarfe ɗaya aka ɗauke wuta, keke ya tsaya, ya rage daga ni sai hasken waya sai mutum-mutumin da muke sa wa riga a kusurwa. Wallahi fitsari ya cika min mara amma na kasa zagayawa har aka kira assalatu. Da girmana, da 'ya'yana uku. Don Allah mene ne sirrin?

Baba Na Cikin Gari:
Wa alaikumus salam ɗana. Ka tuna min zamanin da muke satar hanya mu je Plaza da El Dorado. Siliman lokacin ba rufi, sai dare ya yi ake haskawa. Indiyawa sun iya wannan harka: mace da fararen kaya, kyandir a hannu, tana tafe cikin hazo tana waƙa, ba ta ko waiwaye. A cikin silima ba ma jin komai, ga jama'a ana ihu ana fito. Tsoron yana jiranmu a hanyar gida, idan an shigo ta Ƙofar Mata, abokai sun watse, ka shiga lungunku kai kaɗai, ga soro ba fitila.

Ni a ganina mai fim aro yake yi. Abin yana cikinka tun kana yaro: kada a zauna a bakin ƙofa da magariba, kada a watsa ruwan zafi ba bisimilla, kada a raɓi gindin tsamiya da tsakar rana. Kakarka ba ta taɓa nuna maka fuskar Dodo ba, ai ka fi kowa sanin kamanninsa.

Mai Tace Sauti, Zoo Road:
Yaya Tela, wannan sana'ata ce, bari in ɗan ja zance. Razana daban, zullumi daban. Razana ita ce a yi tsit sannan a buga ƙara kwatsam. Ko tayar Adaidaita ce ta fashe a Kantin Kwari za ka zabura, bayan daƙiƙa biyu ka yi dariya. Zullumi kuwa jira ne. An nuna maka ƙofar, ka san akwai abu, an hana ka gani, sai ƙwaƙwalwarka ta ɗinka abin daidai awonka.

A fim ɗin Jaws na 1975, mai labarin wani ƙaton kifi mai cin mutane, kifin da aka ƙera ya yi ta lalacewa a ruwan teku, dole darakta Steven Spielberg ya koma nuna saman ruwa da ƙafafun masu iyo, ana kaɗa wasu sautuka biyu a jere. Sai an ci sama da sa'a guda kafin a ga kifin sosai. Shi kuwa The Blair Witch Project na 1999, har ya ƙare ba a nuna mayyar ba. Tulin duwatsu kawai a bakin tantin ɗaliban da suka shiga daji bin labarinta, da 'yan itatuwa da aka ɗaure aka rataye a bishiya, irin abin da in ka tashi ka gani a ƙofar gidanka za ka nemi malami. Ya tara sama da dala miliyan 240.

Sai kunne. Ɗan'adam yana jin sauti daga hatiz 20 zuwa 20,000, hatiz shi ne ma'aunin kaurin sauti ko sirantakarsa. Wanda ya yi ƙasa sosai a ƙirji kake jin sa, kamar rugugin babban janareton maƙwabta. Wani injiniya a Ingila, Vic Tandy, ya wallafa a 1998 cewa fatalwar da ake ji a ɗakin aikinsu ashe wata fanka ce mai girgiza iska a wajen hatiz 19. Muna shimfiɗa irin wannan gurnani a ƙasan fim, mu janye shi daidai lokacin da matar ta kai hannu ƙofa. In da iyafis ka kalla, to kai ka kai kanka.

Abin da ke ba ni haushi da namu na gida, minti biyar da farawa an fito da aljani, an shafe shi da hoda, ga jan ido, ga dariya mai amsa-kuwwa. Yara ma kwaikwayonsa suke yi a tsakar gida. Na sha cewa a bar mu da sallama a soro, a leƙa ba kowa, a koma a sake jin ta. Sai a ce min 'yan kallo ba za su gane ba. Ka sake kallon naka ba sauti, ka ba mu labari.

Ummu Khalifa:
Malam Tela, ka yi Ayatul Kursiyyu ka gama wa mutane ɗinkinsu. Mu tsoronmu a zo ranar biki tela ya kashe waya.

Tela Ɗan Fagge:
Hajiya a yi min afuwa, ana kan aiki. Ƙanwata ta Zoo Road, na gwada da rana tsaka, na kashe sauti. Gaskiyarki, rabin abin ya tafi, amma ƙofar nan dai har yanzu ba na son kallonta. Shi kuma mutum-mutumin, na sa yaro ya lulluɓe shi da atamfar wata kwastoma don in huta. Da magariba na ɗago kai daga keke, sai ga mace tsaye a kusurwa da lulluɓi. Yanzu yana shagon maƙwabcina mai guga.