Muhawara: wai rubuta furojet a Google Docs cin amanar mutane ne?

Ɗalibin kimiyyar kwamfuta: Salamu alaikum 'yan'uwa. Tunda lokacin furojet ya zo bari in faɗi magana ɗaya, duk wanda bincikensa ya shafi hira da mutane don Allah kada ya rubuta shi a manhajojin rubutu masu ajiye aiki a intanet irin Google Docs ko WPS na waya, kada kuma ya riƙa kwasar babi guda yana zubawa a Grammarly ko ChatGPT don su gyara masa Turanci. Ku sauke LibreOffice, manhajar rubutu ce irin Word, kyauta ne, ba ya neman ka buɗe asusu, ba ya cin data, abin da ka rubuta yana nan zaune cikin laftof ɗinka. Wanda ya ƙi, to ya miƙa amanar mutane ga kamfanin da ba su san da shi ba.

Wakilin aji: Wa'alaikumussalam. Haba ɗan'uwa ka tsananta da yawa. Wa ke da lokacin karanta furojet ɗin ɗan aji huɗu a Google? Su da kansu sun ce ba sa amfani da abin da ke cikin Docs wajen talla. Ni abin da na gani da idona shi ne a sace laftof a ɗakin kwanan ɗalibai ana dab da kare furojet, wanda aikinsa ke Drive, ma'ajiyar Google ta intanet, ya ari waya ya ci gaba, wanda nasa ke cikin laftof kaɗai sai hawaye. Wannan shi ne haɗarin da ke gabanmu.

Ɗalibin kimiyyar kwamfuta: Ban ce wani na zaune yana karantawa ba, cewa na yi makullin yana hannunsu. A watan Oktoba na 2017 mutane sun wayi gari Google Docs ya hana su buɗe takardunsu wai sun saɓa ƙa'ida, daga baya kamfanin ya ce kuskuren manhaja ne ya gyara, amma ai ka ga kenan akwai na'urar da ke bin abin da ke ciki. A 2022 wata marubuciya a Sin WPS ya kulle mata littafin da take rubutawa. Ga kuma dokar CLOUD Act ta 2018 da ta ba hukumomin Amurka damar neman bayanai daga kamfanonin ƙasar ko da an ajiye su a wata ƙasa. Ma'aikatar ilimin Faransa ma a 2022 ta ce kada makarantu su yi amfani da Office 365 da Google Workspace na kyauta, jihar Schleswig-Holstein ta Jamus kuma a 2024 ta yanke shawarar mayar da kwamfutocin gwamnati kusan 30,000 kan LibreOffice. Duk waɗannan ba su san abin da suke yi ba ne?

Wakilin aji: Su suna da wuta awa ashirin da huɗu da ma'aikatan da ke kula musu da manyan kwamfutocin ajiyar bayanai. Mu fa?

Ɗalibar digiri na biyu: Yaya bari in shigo, don ni abin ya shafe ni kai tsaye. Bincikena a kan mata masu yoyon fitsari ne, kuma takardar amincewa da nake karanta musu kafin mu fara tana cewa ba mai ganin maganarsu sai ni da malamin da ke duba aikina. Mace za ta zauna ta rufe rabin fuskarta da mayafi ta faɗa miki abin da ko mahaifiyarta ba ta faɗa wa ba, yadda miji ya mayar da ita gida, yadda aka ware mata kwano. Ko na cire sunanta, in na bar sunan ƙauyen da shekarunta da yawan haihuwarta, duk ɗan garin zai gane ta. To da wane ido zan ɗauki wannan in liƙa a ChatGPT in ce ya gyara min Turanci? Sirrin ba nawa ba ne balle in ce na yafe. Ko Samsung sai da ya hana ma'aikatansa amfani da shi a 2023 bayan sun zuba bayanan kamfani a ciki.

Wakilin aji: Gaskiya naki daban ne Anti, na yarda. Amma ni nawa a kan farashin taki ne, wane sirri ke ciki?

Mai shagon kwamfuta: Ku yi haƙuri in sa baki, ni da nake buga muku aikin. Kuna ta maganar Amurka alhali ɓarakar tana bakin get ɗin makaranta. Ɗalibi zai zo da filash, a kwafe fayil ɗin a kan kwamfutar shago, a buga ya biya ya tafi, fayil ɗin na nan har baɗi, har da shafin ƙarshe mai sunaye da lambobin wayar waɗanda ya yi hira da su. Wani ma ya shiga imel ɗinsa ya tashi bai fita ba. Ni ina gogewa duk yamma amma ba kowane shago ke yi ba, kuma ta nan ne ake samun tsohon furojet a canja masa bango a sayar wa wani. In ka rubuta a LibreOffice sannan ka turo min ta WhatsApp ka bar shi a wayar yaron shago, ai an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Ɗalibin kimiyyar kwamfuta: Wallahi haka ne Oga. Shi ya sa ake cewa a kai PDF kaɗai, a tsaya a kansa har a goge. Kuma Microsoft Office ɗin da aka fasa, wato marar lasisi, da yawancinmu ke sakawa, ba ka san abin da aka cusa a cikinsa ba.

Ɗalibar aji uku: Ni matsalata malamai ne. Suna so a turo musu Word su yi gyara da ja a ciki, kuma an ce in ka yi a LibreOffice teburi da lambar shafi suna hargitsewa.

Malami: Kun taɓo mu, bari in amsa. 'Yata, LibreOffice yana adanawa a docx, wato tsarin fayil na Word, kuma yana nuna gyaran da muka yi da bayanan gefe, ina da ɗalibai masu amfani da shi. E, wani lokaci teburi kan goce ko jerin abin da ke ciki ya motsa, maganinsa ki buɗe fayil ɗin a Word sau ɗaya ki duba kafin ki turo. Zotero ma yana aiki da shi wajen tsara manazarta, kuma ba dole sai kin haɗa shi da intanet ba. Amma shi mai maganar farko, ba na tare da kai a kan cewa kowa ya ci amana. Abin da na tsaya a kai shi ne a raba aiki biyu. Muryoyin da aka naɗa, rubutun hira da jerin sunaye, waɗannan ba sa hawa intanet ko kaɗan, a sa musu kalmar sirri a ajiye su daban, a cikin babi kuwa sai lamba a madadin suna. Dokar kare bayanai ta Najeriya da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta sanya bayanin lafiyar mutum cikin masu buƙatar kariya ta musamman, ɗalibi bai fita daga ciki don yana ɗalibi ba.

Ɗalibar digiri na biyu: Allah ya ƙara wa Malam lafiya, to Turnitin fa, manhajar da ke duba satar rubutu? Mu ba mu da zaɓi, dole a saka kundin kafin a karɓa, kuma yana ajiye kwafi a rumbunsa.

Malami: Wannan nauyinmu ne ba naku ba. Akwai zaɓin da ke hana shi ajiye kwafi, amma malami ko mai kula da asusun makaranta ne ke kunna shi. Ki roƙa a yi miki haka, kuma ki cire rataye masu ɗauke da hira kafin a saka.

Wakilin aji: Ranka ya daɗe to mu masu aikin rukuni, mutum biyar kowa da garinsu a lokacin hutu, LibreOffice ba zai haɗa mu ba.

Ɗalibin kimiyyar kwamfuta: Akwai CryptPad na wani kamfanin Faransa, da Proton Docs da ya fito a 2024, duka ana iya rubutu tare a cikinsu ta intanet, kuma su rubutun tun daga na'urarka ake kulle shi, ko kamfanin ba ya iya karantawa. Sai dai CryptPad kan yi nauyi in netwok ba ƙarfi, kuma in ka manta kalmar sirrinka ba mai dawo maka da ita. Batun satar laftof kuma, ka sa wa fayil kalmar sirri wajen adanawa, ka ajiye kwafi a filash biyu, ɗaya a gida.

Wakilin aji: Ni dai na taki zai ci gaba da zama a Google Docs, ban ga dalilin tashi ba. Amma sunayen manoman da lambobinsu zan fitar da su daga ciki yau da daddare in sha Allah.

Ɗalibar aji uku: Yaya mai kwamfuta, datata ba za ta kai in sauke LibreOffice ba, in kana da shi a filash zan zo da laftof ɗina gobe bayan lacca ta ƙarfe goma.

Ɗalibin kimiyyar kwamfuta: Ina da shi ƙanwata, har da Zotero. Ki same ni a ƙofar laburare.