"Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka": har da aikin ƙwaƙwalwa?

Ɗan Idi-Araba:
Assalamu alaikum. Ina aji ɗaya a wata jami'a nan Legas, muna ɗaukar PHY 101, wato darasin Fiziks na 'yan aji ɗaya. Malaminmu ya raba mu uku-uku, ya ce tare za mu riƙa warware tambayoyi. Na kai ƙara gida, sai Baba ya ce, "Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka." Ni kuwa gani nake jinka da hannu ake ɗaga ta, lissafi da kai ake yi, kuma ranar jarrabawa kowa tasa ta fishshe shi. Anya karin maganar ta zauna a nan?

Dattijon Agege:
Wa alaikumus salam. Ɗana, da ganinka a ƙarƙashin kwano ka girma. A ƙasa ake haɗa jinka, sannan maza su kewaye ta, mutum ɗaya ya ba da murya, a ɗaga lokaci guda a aza kan ɗaki. Gefe ɗaya ya riga, ta karkace. Maganar ba ta tsaya ga yawan hannu ba, har da jin murya ɗaya.

Malamar Fiziks, Ojo:
Baba, ai darasin ka karanta mana. Tun dokokin da Newton ya wallafa a 1687, ƙarfi yana da girma, yana kuma da inda ya dosa. Ƙarti biyu masu ƙarfi ɗaya su tura abu suna fuskantar juna, ko motsi ba zai yi ba.

Mai gyaran waya, Ikeja:
Malama, a yi min afuwa, ban yarda ba. Lokacin da nake makaranta mu bakwai ne a rukuni, ni ke yin aikin, sauran su zo su sa suna. Wadda ta dace da mu ita ce "hannu da yawa maganin ƙazamar miya". Wajen cin maki kowa yana nan.

Malamar Fiziks, Ojo:
Bakwai! Ai in dambu ya yi yawa ba ya jin mai. A Jami'ar Minnesota ta Amurka, Patricia Heller da abokan aikinta sun wallafa bincike a 1992, suka ga mutum uku sun fi biyu ko huɗu. Kowa da aikinsa: mai jan ragama, mai rubutu, da mai gardama wanda ba ya barin komai ya wuce sai an gamsar da shi. A cikin uku babu lungun ɓuya.

Ɗan Idi-Araba:
To, bari in faɗi abin da ya faru jiya, ko da zan sha dariya. An ba mu buhun kilo 50 a kan katako mai santsi da aka jingina a digiri 30, a nemo ƙarfin da ke jan shi ƙasa bisa katakon. A lissafin kusurwa akwai sin, akwai cos; na sa cos, na samu kusan niyuton 424 (niyuton shi ne ma'aunin ƙarfi), har na ajiye biro. Sai na ukunmu, wanda da ƙyar yake magana, yana kuma taya yayansa lodi a kasuwar Mile 12, ya ce, "In aka kwantar da katakon a ƙasa, buhu zai zame?" Na ce a'a. Ya ce to lissafina ya ce zai zame da dukan nauyinsa, 490, tunda cos na sifili 1 ne. Shiru na yi. Ashe sin ya kamata in sa, ba cos ba: kilo 50 sau 9.8 (jan da ƙasa ke yi wa kowane kilo) sau rabi (sin na digiri 30), niyuton 245.

Mai gyaran waya, Ikeja:
Wannan ai "ɗan hakin da ka raina" ne, ba jinka ba. Mutum ɗaya ne ya gano.

Dattijon Agege:
Da ba su zauna tare ba, wa zai tambaya? Ni sin da cos ɗinku ban san su ba, amma yaron nan ya san buhu.

Ɗan Idi-Araba:
Yaya, har yanzu ina kan bakana game da jarrabawa. Sai dai mako mai zuwa ni aka ba aikin mai gardama, kuma na fara tara tambayoyi.